Mazarin Bi Mwanaidi

Asabar, 9 ga Nuwamba, da yamma

Na dawo daga sadakar arba'in ɗin Bi Mwanaidi, matar malamina, Mwalimu Shemdoe. Ban jira an gama raba shinkafar pilau ba. A ƙafa na hawo daga gidansu har tashar bincike, ta cikin gonar shayi, don kada in haɗu da kowa a hanyar mota. Sai da na shigo ɗaki na ga takalmin da ke ƙafata ba nawa ba ne. Na wata ne, ya ma fi ƙafata girma.

Ba zan rubuta abin da na faɗa ba. Abin da na faɗa gaskiya ne. Ba nan matsalar take ba.

Na tuɓe zanin ankon, na ninke shi yadda hoton ƙwaron nan mazari da ke jikinsa zai koma ciki, na tura shi ƙasan akwati.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Ban je coci ba. Na ce wa Mama Zaituni, mai dafa mana abinci, kaina ke ciwo. Ta ajiye min shayi a bakin ƙofa. Jiya tabarma ɗaya muka zauna da ita.

Bari in rubuta abin da na sani tabbas.

A rafinmu akwai mazari iri biyu 'yan dangi ɗaya, masu sunkuyar da fukafukai gaba idan sun sauka. Haka littattafai suka ce. Haka ni ma na rubuta a jarrabawar ƙarshe, aka ba ni maki.

Na farko ruwan ɗorawa ne, da baƙin zane a ƙirji da gefen ciki. Tsawonsa milimita talatin da huɗu zuwa talatin da shida. A gindin fiffiken baya akwai ɗan tabo ruwan zuma. Tun zamanin mulkin Jamusawa a ƙasar nan wani Bature ya raɗa masa sunan wani hafsan soja, Brenneke, wanda ya aika masa da shi cikin kwalin sigari. Mu a nan Bajamushe muke ce masa. Mazansa ba sa zama bakin ruwa, sai can saman kurmi, a filin da itatuwa suka faɗi.

Na biyu shuɗi ne daga ƙirji har ƙarshen ciki, babu zane ko ɗaya. Yana zama kan duwatsun tsakiyar rafi yana korar duk wanda ya kusanto. Mwalimu ne ya bayyana shi ga masana shekara arba'in da suka wuce, yana sabon ango, ya sa masa sunan amaryarsa. Bibi muke ce masa, wato uwargida, ko da yake duk wanda aka taɓa kamawa namiji ne. Ba a taɓa ganin macensa ba. Aikin da Mwalimu ya ɗauke ni in yi ke nan da na gama jami'a: in nemo macen Bibi.

Tsawon Bibi milimita talatin da huɗu zuwa talatin da shida. A gindin fiffiken baya akwai ɗan tabo ruwan zuma.

Sau nawa na rubuta waɗannan layuka biyu a bana, ban ga abin da nake rubutawa ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da azahar

Mwalimu bai zo ofis ba.

Kibwana, mai binciken kwaɗi da muke raba tebur da shi, yana ganina ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Ga Farfesa ta iso. Jama'a, kowa ya ɓoye mamatansa."

Ban yi dariya ba. Da ya ga fuskata sai ya zauna, ya turo min maandazi ɗaya, irin fankenmu na nan. Ya ce a kasuwar da ke can gangare labarin har ya canza kama, wai yarinyar nan 'yar garin Tukuyu, wato ni, ta tashi a tsakiyar sadaka ta ce marigayiya Bajamushiya ce. Na ce ba haka na ce ba. Ya ce, "Dada Tumpe, 'yar'uwa, yanzu kuma gyara za ki yi wa 'yan kasuwa? Ki ci abinki."

Ban ci ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Lamba ashirin da uku.

A farkon Satumba na fara hawa filin saman kurmi ina kama Bajamushe, in rubuta masa lamba da tawada a fiffiken baya na dama, in sake shi. Ba don ina zargin wani abu ba. So nake in san inda suke zuwa, don in cire su daga lissafi in nemi macen Bibi cikin natsuwa. Ashirin da uku namiji ne, ruwan ɗorawa, jikinsa da sauran taushi, fukafukansa suna ƙyalli irin na wanda bai daɗe da fitowa daga ruwa ba.

Kusan ƙarshen wata ina zaune bakin rafi, wani Bibi ya sauka kan dutse gabana. Shuɗi. A fiffikensa na dama akwai ashirin da uku, da rubutun hannuna.

Na kama shi. Shuɗin nan ba launin fata ba ne, wata hoda ce da jikin namiji ke fitarwa idan ya manyanta, kowa a sana'ar nan ya san haka. Mwalimu ma ya sani. Tun wancan lokaci ya goge hodar a jikin waɗanda ya kama, ya tarar da baƙi wuluk, ya rubuta cewa babu zane. Gaskiya ya rubuta: tsofaffi ya kama, su kuwa fatarsu ta riga ta rine. Nawa bai gama rinewa ba. Na goga babban yatsana a ƙirjinsa, sai ga zanen Bajamushe a ƙasa, dishi-dishi.

Ban ɗauki hoto ba. Ban ajiye shi ba. Hannuna ya buɗe, ya tashi. Wannan kuskure ne na aiki, kuma nawa ne.

Na gangaro da gudu in gaya wa Mwalimu, na tarar ana sa Bi Mwanaidi a mota za a kai ta asibiti a Tanga. Ba ta dawo ba.

Na yi shiru ranar jana'iza. Na yi shiru duk kwanakin zaman makoki. Da Saumu, babbar 'yarsu, ta ce in ba ta hoton Bibi mafi kyau za a buga a zanin anko, na zaɓa mata, na ma gyara mata haske. Ina ta jiran lokacin da ya dace.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da la'asar

Saumu ta zo. Takalmin na gwaggonta ne. Ta kawo min nawa a cikin leda, ta ƙi shiga ɗaki, ta ƙi zama.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Tambaya ɗaya na yi miki, Tumpe. Na ce wa gwaggonnina, ƙwaron nan babu shi ko'ina a duniya sai rafinmu, kuma sunan mamata zai ɗauka har tashin ƙiyama. Na juyo na ce, ko ba haka ba, 'yar boko? Kalma biyu nake so. Haka ne. Ko kai ma da kin gyaɗa ya isa."

Na ce na sani.

"Kika tsaya da faranti a hannu kina mana lacca. Wai yaro ne da tsoho. Wai babu wani mazarin Mwanaidi. Wai sunan zai faɗi. A gidanta, a kan tabarmarta, mata sittin suna sanye da shi a jikinsu."

Ban ce babu shi ba. Cewa na yi jinsi ɗaya ne. Na buɗe baki zan gyara mata, sai Allah ya taimake ni na rufe.

Ta ce babanta yana bayan taga lokacin, yana miƙa wa maza ruwan wanke hannu. Ya ji komai. Tun ranar ba ya cin abin kirki, shayi kawai. Ta ce ranar Juma'a in je in gaya masa na yi kuskure, ido ne ya yaudare ni, ko tawada ce, ko ma mene ne, in zaɓa. Ta ce ba roƙona take ba. Mutumin nan shi ya tsaya min aka ɗauke ni aiki, shi yake ce min 'yata a gaban baƙi, yanzu abin da ya rage masa na matarsa guda ɗaya ne, ni kuma na sa hannu a kai.

Na ce zan je.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da azahar

Kibwana ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba. In dai iri ɗaya ne, a jefar da sunan Bajamushe mana, a bar na Bibi, wa zai yi kukan wani soja da ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Na ce ba haka ake yi ba, shi ma ya sani, a kwaɗinsa ma haka dokar take: idan sunaye biyu suka faɗa kan halitta ɗaya, wanda aka fara bugawa shi ke zama. Na baya sai ya koma ƙasa, da ƙananan haruffa, a matsayin sunan da aka daina kira.

Ya ce ya sani, yana dai gwada ko zan iya yin ƙarya ne ko sau ɗaya, don gobe zan buƙace ta.

Ya sa na maimaita a gabansa. Na ce, "Mwalimu, mai yiwuwa na yi kuskure." Ya ce in cire "mai yiwuwa". Na sake faɗa, ta sake fitowa da kanta. Ya dafe kai ya ce ko kwaɗonsa ya fi ni iya wasan kwaikwayo.

Ƙwaro ɗaya ne fa. Babu hoto. Idan na ce na yi kuskure, ba wanda zai iya ƙaryata ni.

Alhamis, bayan magariba

Mahaifiyata ta kira daga Tukuyu. Ta tambayi aiki, na ce lafiya. Ta ce in gaida mata Mwalimu, in riƙa yi masa biyayya, irinsa ba su da yawa. Na ce to.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da la'asar

Na je.

Yana zaune a baranda yana tsince kanumfari a faifai. Ya rame. Na durƙusa na ce shikamoo, gaisuwar da ake yi wa manya, ya amsa da marahaba, bai ɗago ba. Saumu tana daga ciki, ina ganin inuwarta a labule.

Na ce na zo neman gafara. Ya ce ya ji. Na ce kuma game da mazarin, mai yiwuwa na yi kuskure.

Nan ya ajiye faifan.

"Mai yiwuwa, ko kin yi?"

Kafin in amsa, ya ci gaba.

"Tawadar wa ke kan fiffiken?"

"Tawa ce, Mwalimu."

"Akwai wani a dutsen nan da ke bin ƙwari yana rubuta musu lamba, ban da ke?"

"Babu."

"Da kika kama shi da farko, wane launi ne?"

Na faɗa. Ya tambayi na biyu, na faɗa. Ya tambayi ko na goge hodar, da abin da na gani a ƙasa. Ina ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya kamar a aji, ina jin labulen nan yana motsi. Ya tambayi inda na ajiye ƙwaron. Na ce na sake shi. A nan ne kawai ya dube ni sosai.

Ya ce, "Wato kin zo ki yi mini ƙarya don in ci abinci."

Ya ɗauki faifansa. Ya ce in gaida mutanen tasha. Bi Tumpe ya ce min, wato Malama Tumpe, kamar wata baƙuwa da ta zo daga ma'aikata.

Ranar Asabar na faɗi gaskiya inda bai kamata ba. Yau na je yin ƙarya, ita ma ban iya ba. Saumu ba ta fito ta raka ni ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Ban fita ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da yamma

Mwalimu ya zo tasha da hantsi, da takalmin roba da sanda. Bai shiga ofis ba. Ya wuce ɗakin kaya ya ɗauki ragar kamu, ya ce wa Kibwana ya miƙo masa alƙalamin tawada daga teburina. Daga teburina, ina zaune a wurin.

Ya kama hanyar saman kurmi. Mutum ne mai shekara kusan saba'in, hanyar kuma santsi gare ta bayan ruwa. Kibwana ya yi min ido, na bi shi a baya, nesa kaɗan. Ya san ina nan. Sau biyu ya zame, na tsaya cak, ban san ko in je ko in ƙyale ba. Na ƙyale.

A filin ya daɗe kafin ya kama na farko. Hannunsa ba kamar da ba, sai ya kai raga ƙwaron ya riga ya tashi. Ya kama maza huɗu, duk ruwan ɗorawa, duk masu taushi. Bai rubuta lamba ba, ɗigo uku yake yi a jere a fiffiken hagu. Kowanne sai ya ɗaga shi ya duba ƙirjinsa da gilashi, ya duba cikinsa, sannan ya sake shi.

Da zai gangara ya wuce ta gabana, ya miƙo min alƙalamin ba tare da ya tsaya ba.

Na gane. Ba zai karɓi maganata ba, ba kuma zai ƙi ta ba. Zai jira ƙwaron ya faɗa da kansa.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da azahar

Yana zaune bakin rafi kan 'yar kujerar katako, tun da rana ta taɓa duwatsu. Na ce shikamoo, ya ce marahaba. Na koma sama da shi na zauna inda nake iya ganin hularsa.

Ya yi wuri. Hodar ba ta fitowa cikin kwana biyu. Ya fi ni sani.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Haka dai.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da yamma

Mama Zaituni ta yi magana yau. Ina taya ta ɓare ayaba, sai ta ce ita tun tana budurwa ta san Bi Mwanaidi. Ta ce marigayiya ba ta taɓa son ƙwaron nan ba. Wai takan ce mazan mutane suna kawo wa matansu awarwaron zinariya daga Tanga, ita nata ƙwaro ya ba ta, ƙwaron ma ba a cin sa. Na ji wani sanyi ya fara shiga ƙirjina.

Sai ta ci gaba. Ta ce amma duk baƙon da ya zo gidan, ko daga ina yake, sai ta ɗaura zani ta kai shi rafi, ta nuna masa da yatsa ta ce, ga ni can kan dutse, ina korar maza.

Ta ci gaba da ɓare ayabarta. Ban san ko don ta sauƙaƙa min ta faɗa ba, ko don in ji.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da hantsi

Na je coci. Na rasa abin da zan roƙa. Idan na roƙi kada su dawo, ina roƙon in zama wadda ta wulaƙanta mamaciya a banza. Idan na roƙi su dawo, ina roƙon a cire sunanta. Na tarar da kaina ina son su dawo, don a san ban yi kuskure ba. A cikin coci.

Talata, 26 ga Nuwamba, da la'asar

Ruwa ya same mu a rafi. Mazari ba ya tashi cikin ruwa, kowa ya sani, amma bai motsa ba. Na gangara na riƙe masa lema. Bai ce in tafi ba, bai ce na gode ba. Muka tsaya haka har ya ɗauke.

Yana tari.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da safe

Saumu ta kira daga Tanga, ta koma bakin aikinta. Ta ce an gaya mata babanta yana wuni a bakin rafi kamar mai gadin kifi, kuma yana tari. Ta ce idan sanyi ya kama masa ƙirji, in san inda zan sa kaina. Na ce ina riƙe masa lema. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari," ta kashe.

Na yi tunanin in haɗa kayana in koma Tukuyu. Sai na tuna ba wanda zai riƙe lemar.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Babu ɗigo uku. Tsuntsaye suna cin mazari, gizo-gizo ma haka. Huɗu ba su da yawa. Zai yiwu ba ko ɗaya da zai dawo, mu zauna a haka har abada, shi a ƙasa, ni a sama.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da azahar

Kibwana ya biyo ta rafi da bokitin kwaɗinsa, ya gaida Mwalimu, ya ce idan an gaji da jiran Bajamushe ya musulunta, akwai shayi a tasha. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma Mwalimu ya yi wani sauti ta hanci, ban sani ba ko tari ne ko dariya. Ya ce, "Tafi da kwaɗinka, mara kunya."

Tun ranar sadaka ban ji ya yi wa kowa magana irin ta da ba sai yau.

Talata, 3 ga Disamba, da yamma

Ɗaya daga cikin huɗun ya dawo.

Ni na fara ganinsa, kan dutsen da ke gefen gungumen da ya faɗi. Na sa hannu na rufe bakina, don na san halina. Na jira har Mwalimu ya gan shi da kansa.

Ya miƙe, ya kai raga, ya kuskure. Ƙwaron ya zagaya ya dawo kan dutsensa, haka suke yi. Ya sake kaiwa, ya kuskure. A karo na uku bai kai ba. Ya miƙo ragar baya, inda ya san ina tsaye.

Na kama shi, na fito da shi, na haɗe fukafukansa na sa masa tsakanin yatsunsa.

Ɗigo uku a fiffiken hagu. Ƙirji ya yi shuɗi gaba ɗaya, da gaɓoɓi uku na farkon ciki. Daga nan zuwa ƙarshe ruwan ɗorawa ne da baƙin zane. Rabi Bibi, rabi Bajamushe, a jiki ɗaya. Ban taɓa ganin irinsa ba, shi ma ya ce bai taɓa ba.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yi magana, ba ni yake kallo ba. Ya ce lokacin da ya bayyana shi ba shi da komai sai tsohon bayanin Baturen nan, layi shida, duk kan launi. Ya rubuta Turai a aiko masa da zanen ainihin ƙwaron Brenneke, aka ce masa cikinsa ya karye ya ɓata tun lokacin yaƙi. Ya ce da ya hau filin nan da alƙalami ko sau ɗaya, da ya gani. Bai hau ba, don ba ya son ya gani. Ya ce macen da ya aike ni nema kuwa tana cikin durowarsa, fiye da talatin, ya jera su da hannunsa ƙarƙashin sunan Bajamushe.

Na ce ko akwai wata hanya da za a roƙi masana su bar sunanta.

Ya ce babu. Shi kansa ya taɓa saukar da sunayen mutane biyu da wannan doka, bai ji tausayinsu ba.

"Wannan kam ba za ki sake shi ba. Hoto tukuna, ta sama da ta gefe, yana da rai, kafin launin ya mutu. Sannan ki rubuta."

Na ce sunansa zai zo farko a takardar. Ya ce sunansa ba zai zo ko'ina ba. Shi ya sa sunan, ni zan cire.

Ya ce, "Abin da kika faɗa ba laifi ba ne. Ranar ce laifi. Wannan kuma ba ni za ki ba haƙuri ba."

Laraba, 4 ga Disamba, da safe

Na kira Saumu. Ba ta ɗaga ba. Zan je Tanga ranar Asabar, ko a ƙofa za ta bar ni.

Juma'a, 6 ga Disamba, da la'asar

Mwalimu ya zo ofis da safe, ya ce in nuna masa abin da na rubuta. Na juya masa kwamfutar. Ya sa tabarau, yana karantawa yana motsa leɓe. Tsawo, bai ce komai ba. Jijiyoyin fiffike, bai ce komai ba. Da ya kai bayanin babban namiji sai ya tsaya.

"Wa ya ce miki shuɗi ne?"

Na ce haka yake a takardarsa ta farko.

"Yaro ne ya rubuta waccan. Wannan shi ne karo na ƙarshe da za a bayyana ta da sunanta. In za ki binne suna, ki yi masa wanka mai kyau. Jawo kujera."

Muka yi ta ja har azahar. Ya ce launin hayaƙin ɗanyen icce ne, kuma ya fi duhu a ƙirji, yana yin fari-fari wajen gaɓa ta bakwai. Na ce ba a auna hayaƙi, masu karatu a wata ƙasa ba su san iccenmu ba. Ya ce to in koyi aunawa. Na kawo hotunan, muka duba. Gaskiyarsa ne game da gaɓa ta bakwai, ban lura ba. Ya sa na gyara idanu ma, wai na ce ruwan ƙasa alhali ta sama kawai suke haka, ta ƙasa toka-toka ne. Mama Zaituni ta kawo tuwon masara da wake, ya ci rabi yana faɗa da ni.

Saura layi ɗaya, wanda zai sa sunanta ƙarƙashin na Brenneke. Ya ga na kai wurin. Ya cire tabarau, ya ce wannan in buga shi bayan ya tafi. A bakin ƙofa ya ce in zo da wuri ranar Litinin, akwai durowa biyu da za mu haɗe su zama ɗaya, shi hannunsa ba ya iya zare allura yanzu.

Na jira har na daina jin sandarsa a kan tsakuwa.

Na buga. Na bi haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Daidai suke.